Kallon Wasan 'Yan Sha'awa a Garin da Ba Ka Sani Ba

Akwai wata fasaha, wadda ake kira “performance art” da Turanci, da mai yin ta ke amfani da jikinsa da lokaci a matsayin kayan aiki. Wani zai zauna minti arba'in yana warware ƙullin igiya, wata ta yi ta zagaya ɗaki da tulun ruwa har sai ya tsiyaye. Babu labari mai farko da ƙarshe, sau da yawa ko dandamali babu. An daɗe ana yin ta da makamantanta a ƙananan wurare: a 1916 aka buɗe wani ƙaramin gidan wasa mai suna Cabaret Voltaire a birnin Zurik na Suwizalan, a 1947 kuma ƙungiyoyin wasan kwaikwayo takwas da ba a gayyata ba suka je bikin fasaha na birnin Edinbara a Sukotlan suka yi nasu wasan a gefe, daga nan aka samu bikin Fringe. Har yau 'yan sha'awa, wato waɗanda ba sana'arsu ba ce, suna yin ta, kuma a irin wannan wasa ɗan kallo yana cikin aikin. Shi ya sa shirin da ɗan kallo zai yi yake da muhimmanci.

Abu na farko da ke ba baƙo wahala shi ne gano wurin. Ana yin wasan ne a tsohon sito, ko gareji, ko ɗakin ƙarƙashin ƙasa, kuma taswirar waya ƙofar gaba take nunawa, alhali ta baya ake shiga. Ka tura wa masu shiryawa saƙo tun da rana, ka tambayi ƙofar shiga da tsawon wasan. Ka sauke taswirar a wayarka, domin a ƙarƙashin ƙasa sabis yakan ɗauke. Ka san lokacin motar ƙarshe kafin ka fito, sannan ka ƙara minti talatin a kan lokacin da aka ce za a tashi, don da wuya a fara a kan kari. Ka riƙe tsabar kuɗi kaɗan, saboda wasu ba sa sayar da tikiti, bokiti suke ajiyewa a bakin ƙofa.

Ka isa da minti ashirin a hannu. Da shigarka ka nemi ƙofar fita ta biyu, ka duba ko an tare ta da kujeru ko kaya. Idan mutum sittin ne a ɗaki mai ƙofa ɗaya, kuma ga kyandirori a ƙasa, ka tsaya kusa da ƙofar. Layin gaba na wanda ya yarda a jiƙa shi ne, ko a kama hannunsa.

Batun kama hannu ya cancanci a tsaya a kansa. A 1974, a birnin Nafoli na Italiya, wata mai wannan fasaha, Marina Abramović, ta jera abubuwa 72 a kan tebur, daga furen wardi da gashin tsuntsu har almakashi da bindiga da harsashi, ta tsaya awa shida ta bar jama'a su yi mata abin da suka ga dama. Da farko an bi ta a hankali. Daga baya aka yayyanka tufafinta, aka ji mata ciwo, har aka kai ga bindigar, sai da wasu 'yan kallo suka shiga tsakani. Ɗan sha'awa da ya ari wannan salo ba shi da masu tsaron lafiyarsa, ku da ke ɗakin ne kariyarsa. Idan an miƙa maka abu, ka yi iya abin da aka nema, kada ka ƙara. Idan ba ka so, girgiza kai ya wadatar, mai wasan da ya san aikinsa zai wuce. In kuwa ka ga wani yana neman wuce gona da iri a jikin mai wasan, ka yi magana.

Matsalolin da ke tasowa kusan iri ɗaya ne ko'ina. Wuta takan ɗauke saboda an jona komai a soket guda. Inda ƙarfin wuta yake bolt 230, fiyus mai amfiya 13 iyakarsa wat 3,000 ne ko ƙasa kaɗan, fitilu huɗu masu wat 500 da na'urar hayaƙi mai wat 1,000 sun cinye shi ke nan. In duhu ya zo, ka zauna inda kake, ka ƙirga ashirin kafin ka kunna fitilar waya, wataƙila duhun yana cikin wasan. Ƙarar nan mai huda kunne kuma tana zuwa ne idan makirufo ya fuskanci lasifika. Ka zo da abin toshe kunne, domin a ƙarar da ta kai desibel 100, minti 15 ne ma'aunin da kunne ke jurewa a rana. Hayaƙin na'ura yakan tayar da ƙararrawar gobara, yakan kuma takura mai asma. Mai farfaɗiya ya tambaya tun a ƙofa ko akwai fitila mai walƙiya, musamman wadda ke ƙyaftawa sau 3 zuwa 30 a daƙiƙa.

Kada ka ɗauki hoto sai an ba da izini. Ƙarshen wasan ma ba kullum yake bayyana ba, don haka kada ka yi gaggawar tafa hannu. Ka jira a kunna fitilun ɗaki, ko mai wasan ya saki jiki ya dubi jama'a.

Bayan an tashi, in kana da minti biyar, ka je wurin mai wasan. Tambayar “me kake nufi?” ba ta cika amfanar kowa ba. Ka gaya masa abin da ka gani da daidai inda hankalinka ya tsaya, misali lokacin da igiyar ta ƙi warwaruwa hannunsa ya fara rawa. Ɗan sha'awa ba shi da masu sharhi a jarida, da irin wannan magana yake gyara wasansa na gaba.