Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Jego da ɗinki a mara

Makon jiya na tsaya a inda likita ya duba hoton cikina ya ce yarinyar a zaune take, kai a sama, ɗuwawu a ƙasa. Cikin yana sati 37. Ya gwada juya ta da hannu ta waje, ta ƙi. Ya ce cikin haihuwa 100, uku ko huɗu kan zo a haka, kuma wasu matan kan haihu da kansu lafiya idan akwai gwanin da ya saba karɓar irin wannan haihuwa. Amma ni ta fari ce, ga ƙafa ɗaya ta sauko, gara a yi aiki. Maigidana ya sa hannu a takarda, hannun yana rawa.

Allurar baya aka yi mini, idona biyu. Ina jin ana ja ana turawa, ba zafi, har na ji kukanta. Zafin sai da allura ta sake ni cikin dare ya zo. Washegari aka cire robar fitsari, wata nas ta kama kafaɗata ta ce, "Tashi mu taka, ƙanwata. Kwanciya ce ke daskarar da jini a ƙafa." Daga gado zuwa ƙofa bai fi taku goma ba, amma na jiƙe da gumi sharkaf. Ita ta koya mini in danna matashi a mara in zan yi tari, in kuma riƙe jaririya ta gefen hammata wajen ba ta nono don kada ta hau ɗinkin.

Kwana huɗu aka sallame mu, aka wuce da ni gidanmu a Tudun Wadan Zariya, wanka.

Inna ta daɗe da shiri. Itace an jibge shi a bayan ɗaki, ga rabin duro na dafa ruwa, ga ganyen darbejiya, ga kanwa ungurnu a ƙullin leda. Na gaya mata abin da aka ce a asibiti: kada tafasasshen ruwa ya taɓa wurin, a bar shi a bushe, kada in ɗauki abin da ya fi jaririyar nauyi har sati shida. Kanwa kuwa, nas ɗin ta ce tun shekarun 1970 likitoci a nan Zariya suka gano yadda yawan kunun kanwa da zafin wanka ke haɗuwa su kumbura zuciyar mai jego.

Inna ta dube ni. "Ku tara na haifa, da wannan wankan na tashi. Ɗanyen jiki kike so ki koma da shi ɗakin miji?"

Ban iya ba ta amsa ba. Na san tsoro ne ke cinta, don a idonta macen da ba ta gasu ba, ciwo ne ke jiranta a gaba. Kwana biyu muna ja, tana ɗora ruwa, ina cewa ta bari ya huce.

Ana gobe suna gida ya cika da 'yan barka. Ina jingine da bango sai na ji wata daga dangin maigidana tana cewa, "'Yan zamani ba sa son wahala. A yanka a ciro, ina suka san zafin naƙuda?" Na sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan zanin goyo. Har yau in na tuna maganar nan sai ƙirjina ya yi nauyi.

Da daddare Inna ta shigo ta tarar ina ta fama in tashi zuwa bayi. Ta tallafe ni, zanina ya zame, ta haska da fitilar waya ta ga ɗinkin, tsawonsa ya kusa taƙi guda. Ta daɗe tana kallo. Ba abin da ta ce sai, "Sannu, 'yar nan. Sannu."

Da asuba ruwa mai ɗumi ta kawo da ƙaramin tawul. Ta goge mini baya, ta gasa ƙafafuna, ta kewaye mara ba ta taɓa ba. Ta dama kunun gyaɗa, ta ɗora farfesun ƙafar sa. Ƙullin kanwar nan ban sake ganinsa ba.

A rana ta goma zazzaɓi ya rufe ni, gefen ɗinkin ya yi ja yana tsattsafo da ruwa. Inna ce da kanta ta yafa mayafi ta tare mana Keke Napep, ba ta ko jira a kira maigidana ba. Aka wanke wurin, aka rubuta magani, aka ce da mun ƙara kwana biyu da sai an sake kwantar da ni. Kafin mu fito likita ya ce in huta aƙalla shekara ɗaya da rabi zuwa biyu kafin wani ciki, mahaifar ta warke sosai. In an yi haka, mai yiwuwa ta gaba in haihu da kaina.

A hanya Inna ta ce, "Wannan maganar ni zan kai wa surukarki, ba ke ba." Yadda suka kwashe ranar arba'in, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.