Harafi ɗaya tsakanin mita da kontakta

Shekara 11 na yi ina aikin wayarin a Kano kafin na zo Italiya, amma a satina na farko a wani ƙaramin kamfanin haɗa allunan wuta da ke bayan garin Brescia, ko sukundireba aka ce in miƙo sai an nuna min da yatsa. Hannu ya san aikin, kunne ne bai san sunan komai ba. Da daddare, a ɗakin da muke haya mu huɗu, nakan ɗauko littafi in rubuta abin da na tsinta: quadro allon rarraba wuta, morsetto maɗaurin waya, presa soket, spina filogi.

Ana nan sai aka samu odar alluna daga Ingila, kuma dole takardunsu su tafi da Turanci. Maigidan ya ji ina waya da Turanci, ya ɗora min aikin.

A shafi na uku gabana ya faɗi. Wanda ya fara fassarar da na'ura ya bar min "meter" a wurin da zanen ke nuna abin kunna injin lantarki mai fes uku, wato layin wuta uku. Na duba asalin: contattore, da t biyu, wato kontakta. Contatore mai t ɗaya shi ne mita, wadda ke ƙirga wutar da ka sha. Bature ɗan Italiya yana jin bambancin a furuci, kamar yadda Bahaushe ba ya haɗa "baba" da "babba". Ƙamus bai cece ni a nan ba, zanen ne da shekarun da na yi ina buɗe alluna.

Daga ranar na daina yarda da kalmar da ta yi kama da Turanci. Tensione ba "tension" ba ce, "voltage" ce, wato ƙarfin wuta. Cabina ba ɗakin katako ba ne, ɗakin taransifoma ne, "substation". Wadda ta fi ba ni wahala ita ce massa. A littafin ƙa'idarsu, CEI 64-8, massa na nufin jikin ƙarfen na'ura da mutum kan taɓa, wanda ba wuta a jikinsa sai in an samu matsala. Ba ita ce terra ba, wato ƙasa, inda ake haɗa wayar kariya. Wanda ya gwamutsa su a takarda zai iya sa wani ya ɗaure waya a inda bai dace ba, kuma rai ake magana. Yanzu kafin in rubuta irin waɗannan sai na duba Electropedia, ƙamus na IEC, hukumar tsara ƙa'idojin lantarki ta duniya. Sannan in tambayi inda kayan za su: haɗa waya da ƙasa, Ingila "earthing" suke cewa, Amurka "grounding".

Kalmar da na fi so ita ce salvavita, mai ceton rai. Haka tsoho da yaro ke kiran na'urar da ke katse wuta da zarar ta fara zurarewa, wadda Ingilishi ke kira RCD. Duk lokacin da na rubuta ta sai na tuna gidaje nawa na yi wa wayarin a Kano babu ita, saboda masu gidan sun ce tsada.

Watan jiya na aika wa maigidana na Kano salvavita guda shida masu katse wuta in zurarar ta kai miliyamfa 30. Na ce, "Malam, don Allah a fara da gidajen da ke da yara."