Shawara ga Sabbin Direbobi kan Saukowa daga Gangara

Duk wanda ya saba bin hanyar Jos zuwa Akwanga ya san Hawan Kibo, inda titi ke saukowa daga tsaunukan Filato, waɗanda tsayinsu a wajen Jos ya kai kimanin mita 1,200 sama da teku. Sabon direba yakan ji fargabar hawa, alhali saukowa ce ta fi haɗari, domin a hawa nauyin mota yana rage mata gudu, amma a gangara ƙasa ce ke janyo ta, kuma gwargwadon nauyin lodinta gwargwadon aikin da zai hau kan birki.

Lokacin da nake sabon hannu na ɗauki wata al'ada da na gani a wurin manya, wato cire mota daga giya a sanya ta a firi idan an fara gangara domin tsimin mai. Haka na yi a wannan hawan, ƙafata a kan birki tun daga sama, har na fara jin warin ƙuna, birkin ya yi laushi yana nutsewa ba ya kamawa. Allah ne ya kiyaye, na samu na tsaya a gefen titi.

Aikin birki shi ne ya mayar da gudu zafi, kuma zafin da zai iya ɗauka yana da iyaka. Idan aka daɗe ana danne shi, ƙarfen zai yi zafi fiye da kima, kamunsa ya ragu, man birki kuma ya tafasa. Sabon mai nau'in DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, amma da yake yana shan danshin iska, wanda ya tsufa yana iya tafasa a wajen digiri 140. Da zarar ya tafasa, tururi ne zai shiga bututun, ka taka har ƙasa a banza. Gudu ma yana ƙara tsananta lamarin, domin idan ya ninka sau biyu, zafin da ake bukatar birki ya shanye kafin mota ta tsaya yana ninkawa sau huɗu.

Saboda haka, ƙanena, ka rage giya tun kana saman tudu, kafin motar ta ɗauki gudu, ka sauko da giyar da za ka hau da ita, ka bar inji ya riƙe motar. Idan otomatik ce, ka mayar da ita kan 2 ko L. Ƙarar inji za ta ƙaru, kada ta tsorata ka. Birki kuwa ka taka shi da ɗan ƙarfi, ka saki ya huce, sannan ka rage gudu kafin ka shiga kwana. Tsimin man da ake zato a firi ma babu shi, domin yawancin motocin zamani suna datse mai da kansu idan suna gangarawa a cikin giya kuma ƙafa ba ta kan totur.

Kashe inji ya fi firi muni, kuma ina roƙonka kada ka taɓa gwada shi, domin birki zai yi tauri bayan taku biyu ko uku, sitiyari ya yi nauyi, wani ma ya kulle.

Idan ka ji warin birki, ka nemi wuri mai faɗi nesa da kwana ka tsaya, ka kashe inji ka bar motar a giya, ka sa weji ko dutse a gaban taya, kuma kada ka watsa wa ƙarfen ruwa, domin yana iya lanƙwashewa ko ya tsage. Ka jira ya huce da kansa, sannan ka gwada kamunsa a hankali kafin ka ci gaba da tafiya.