Jagorancin mataimakan bincike a kotun ɗaukaka ƙara: kowace jumla da shafinta

Alƙalin kotun ɗaukaka ƙara bai ga mai ba da shaida ko ɗaya da idonsa ba. Abin da ke gabansa takarda ce zalla: kundin da aka tattaro daga kotun ƙasa, takardar ɗaukaka ƙara da dalilanta, da hujjojin da lauyoyin ɓangarorin biyu suka rubuto. Kundi ɗaya yakan kai juzu'i huɗu ko biyar, ga shi kuma shari'o'i da dama ne ke jiran sa a zama guda. A nan mataimakan bincike ke shigowa. Wanda aka ɗora wa jagorancinsu, babban nauyin da ke wuyansa shi ne ya tabbatar duk jumlar da ta hau teburin mai shari'a ana iya bin sawunta har zuwa shafin da ta fito.

Aikin ya daɗe. A Amurka, Mai Shari'a Horace Gray ne ya shigo da al'adar cikin Kotun Ƙoli a 1882, kuma daga aljihunsa yake biyan matashin lauyan da ke taya shi bincike. Yau kowane alƙali a waccan kotun yakan ɗauki mataimaka huɗu. Wasu kotunan kuwa tara su suke yi a sashe ɗaya da ke yi wa alƙalai da yawa hidima, kuma irin wannan tsarin ne ya fi buƙatar shugaba, domin babu alƙali guda da ke sa ido a kansu kullum.

Daga rabon aiki ake fara yin kuskure. Shugaban da ya ce kowa ya ɗauki fayil biyar yana ganin ya yi adalci, alhali rikicin fili mai shaidu goma sha biyar da taswira uku ba ya haɗa nauyi da ƙarar da ta tsaya a kan fassarar sashe ɗaya na doka. Kafin a raba, a auna kowane fayil da abu uku: yawan shafukan kundi, yawan batutuwan da lauyoyi suka tsamo daga dalilan ƙarar, da ko dokar da ke kai tabbatacciya ce ko kuwa kotuna sun saɓa a kanta. A ba kowane fayil maki daga 1 zuwa 3, sannan a raba makin. Aiki ne na minti goma a kan kowane fayil, yana kuma kawar da gunagunin wata guda. Haka nan kada a bar mutum ɗaya ya zama shi kaɗai ne gwanin shari'ar haraji ko ta manyan laifuka. Ranar da ya tafi hutu za a ji a jika.

Tsarin karatu ma sai an koyar, don sabon mataimaki ji yake kamata ya yi ya fara daga shafi na 1 ya bi har ƙarshe. Kwana uku zai yi bai san abin da yake nema ba. A fara da hukuncin kotun ƙasa, sai dalilan ɗaukaka ƙara, sai hujjojin lauyoyi, sannan a shiga kundi da tambayoyi a hannu. Kafin duk wannan kuwa akwai maganar hurumi. An shigar da ƙarar cikin wa'adi? In ana buƙatar izinin kotu, an nema an samu? Dalilan sun fito daga hukuncin da ake ƙalubalanta, ko lauya ya kawo sabon batu da ba a taɓa tayar da shi a ƙasa ba? Batutuwan da ya tsara sun rataya a kan dalilan ƙarar? Wannan dubawar ba ta wuce awa biyu, amma idan aka tsallake ta, mutum zai rubuta shafi ashirin a kan ƙarar da kotu ba ta da ikon saurara.

Takardar da mataimaki ke miƙa wa alƙali kafin zama, a ganina, bai kamata ta wuce shafi goma zuwa goma sha biyu ba sai da dalili. Shafin farko ya iya tsayawa da kansa: su wa ke shari'a, me kotun ƙasa ta yanke, me mai ɗaukaka ƙara yake so a yi masa, batutuwa nawa ne, kuma wanne ne in an warware shi sauran suka faɗi. Alƙalin da ke da minti biyar kafin ya shiga zauren kotu wannan shafin zai karanta. Bayan shi jadawalin kwanaki, kowane kwanan wata da lambar shafin kundi a gefensa. Jadawalin nan ya fi yadda ake ɗaukar sa daraja, domin a nan ake kama lauyan da ya ce an isar da sammaci ranar kaza, alhali takardar shaidar isarwa da ke kundi wata ranar ta nuna. Sai batutuwan ɗaya bayan ɗaya, hujjar kowane ɓangare a mafi ƙarfin siffarta, dokar da ta shafa, da inda kundin ya goyi baya ko ya ƙaryata. Dokar ofis a nan guda ce kuma ba ta da sassauci: jumlar da ta ambaci wani abu da ya faru ba ta wucewa sai da lambar shafi. "Shaida na uku ya amince cewa bai ga bugun ba" zance ne kawai har sai an rubuta juzu'i na 2, shafi na 214.

Inda aikin ya fi cin lokacin shugaba shi ne hukunce-hukuncen baya da ake kafa hujja da su, kuma a nan ne ofis ke jin kunya idan ya yi sakaci. Hanyoyin zamewa huɗu ne ko biyar, kullum su ne.

Ta farko, dogaro da taƙaitaccen bayanin da masu buga rahoton shari'a ke sawa a saman hukunci. Edita ne ya rubuta shi, kotu ba ta sa masa hannu ba. Kotun Ƙolin Amurka har gargaɗi take bugawa a kan nata, tana nuni da wata shari'a ta 1906 da ta ce taƙaitawar ba ta cikin hukunci. Edita yakan ɗauko jumla mai daɗin ji ya mai da ita ƙa'ida, alhali alƙalin ya faɗe ta ne a kan hanya. Wannan ya kai mu ga ta biyu: rarrabe ƙashin bayan hukunci, wato dalilin da aka gina sakamakon a kansa, da maganar gefe wadda ko an cire ta sakamakon ba zai canja ba. Gwajin da ake koya wa sabo mai sauƙi ne. Juya maganar ta koma kishiyarta. Idan duk da haka wanda ya ci shari'ar zai ci, maganar gefe ce, ba ta ɗaure kowa.

Ta uku ta fi ban haushi. Lauya ya kawo sakin layi mai kyau daga babbar kotu, da sunan alƙali da lambar shafi daidai, ashe daga ra'ayin alƙalin da ya saɓa wa masu rinjaye ya ciro shi. Ko kuma sakin layin yana cikin wurin da kotu ke maimaita hujjar lauya kafin ta yi watsi da ita. Maganin guda ne, gani ya kori ji: a buɗe hukuncin, a karanta shafi biyu kafin wurin da shafi biyu bayansa, a kuma duba yadda alƙalan suka rabu.

Ta huɗu, hukuncin da ya riga ya mutu. Wataƙila kotun sama ta rushe shi, ko majalisa ta gyara sashen da ya fassara, ko an sake jera lambobin sassan dokar. Tun 1873 Frank Shepard ya fara sayar wa lauyoyin Amurka jerin da ke nuna abin da kotuna suka yi da kowane hukunci daga baya, yau kuma rumbunan intanet irin su Westlaw da Lexis suna yin hakan da alama mai launi. Alamar taimako ce kawai. Ja na iya nufin an rushe hukuncin a kan wani batu dabam da wanda ake buƙata, rashin alama kuma na iya nufin rumbun bai kai ga sabon hukuncin ba. Akwai kuma abin lura a kan dokar majalisa: wadda ke aiki ranar da abin ya faru ake nema, ba lallai wadda ke aiki yau ba. Sannan a rubuta a fili ko hukuncin ya ɗaure kotun ko shawara ce kawai. A Ingila, tun shari'ar Young da kamfanin Bristol Aeroplane a 1944, Kotun Ɗaukaka Ƙara tana ɗaure da hukuncinta na baya in ban da yanayi uku, ciki har da wanda aka yanke bisa rashin lura da wata doka. Kowace kotu tana da irin wannan ƙa'idar, kuma wajibi ne mataimaki ya san ta kotunsa kamar sunansa.

Saboda duk wannan, babu takardar da za ta fita sai mutum na biyu ya bi ta. Aikin mai dubawar ba gyaran salo ba ne. Ya zauna da kundi da rahotanni, ya buɗe kowace madogara, ya sa alama a gefenta, ya sa hannu a ƙasa. Idon da ya rubuta abu ba ya ganin kuskurensa. Shugaba kuma ya zaɓi madogara uku ko huɗu da ka ya duba da kansa. In ya sami ɗaya ba daidai ba, takardar duka ta koma. A ware wa wannan matakin kwana ɗaya cikakke a jadawali, in ba haka ba shi ne farkon abin da gaggawa ke cinyewa.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun ƙara wa wannan matakin muhimmanci. A Yunin 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci wasu lauyoyi biyu da ofishinsu tarar dala 5,000 bayan sun gabatar da hukunce-hukunce shida da ChatGPT ya ƙirƙiro, da sunaye da lambobi kamar gaske. Ga ofishin bincike darasin kashi biyu ne: madogarar da lauya ya kawo ma sai an tabbatar tana nan, sannan ba a zuba kundi ko daftarin hukunci a manhajar da kotu ba ta amince da ita ba.

Akwai kuskuren da haziƙai suka fi yi. Mataimaki ya karanta shaidu, ya ga da shi ne alƙalin farko da bai gaskata mai ƙara ba, sai ya rubuta takarda yana sake shari'ar daga tushe. Kotun ɗaukaka ƙara ba haka take aiki ba. A kan fassarar doka tana duba batun da kanta. A kan wanda aka gaskata cikin shaidu kuwa ba ta cika taɓa abin da alƙalin da ya gan su ya yanke ba, sai in ya saɓa wa abin da ke kundi ƙarara, balle idan kotuna biyu a ƙasa sun yi ittifaƙi. A kan abin da doka ta bar wa alƙali zaɓi, ba ta sauya zaɓinsa don kawai ita da wani ta zaɓa. Shi ya sa a ƙarƙashin kowane batu jumlar farko ta faɗi da wane ma'auni kotu za ta duba shi. Har wa yau a tambaya: ko da an yi kuskuren, ya shafi sakamako? Ba kowane kuskure ke rushe hukunci ba.

Batun iyaka tsakanin mataimaki da alƙali yana buƙatar shugaba mai tsayawa. Wasu alƙalan suna son a ba su shawara a ƙarshen takarda, wasu ba sa so ko kaɗan. A tambayi kowanne tun farko a rubuta a ajiye. Inda ake bayarwa, a ware ta a sakin layinta, kada ta ɓuya a cikin bayanin abin da ya faru ta hanyar zaɓen kalmomi. Idan alƙali ya nufi wata hanya kuma akwai hukuncin kotun sama da ya tare ta, dole a gaya masa, cikin ladabi kuma a rubuce, da kwafin hukuncin a haɗe. Matashi ba zai iya tunkarar babban alƙali da wannan ba sai ya san shugabansa na bayansa, wani lokacin ma shugaban ne ya kamata ya shiga da takardar. Bayan an faɗa, magana ta ƙare, hukunci na mai shari'a ne. Kuma tunda alƙalai uku ko biyar ke zama, mataimakin da ke taya wannan rubuta ra'ayin saɓani kada ya zama shi ke taya wancan rubuta na masu rinjaye, kada kuma ya kai labarin wannan ofis zuwa wancan.

Lokaci daga baya ake ƙirga shi. A Najeriya, misali, sashe na 294 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kotu kwana 90 bayan kammala jawaban ƙarshe ta ba da hukunci, ya kuma ce kowane alƙalin Kotun Ɗaukaka Ƙara da na Kotun Ƙoli ya bayyana ra'ayinsa a rubuce. Ke nan daftarin jagora, wato na babban hukuncin da alƙali ɗaya ke rubutawa, ba zai jira rana ta 85 ba, tunda sauran alƙalan sai sun karanta kafin su rubuta nasu. Shugaba mai lissafi yakan sa ƙarin bincike ya ƙare kafin rana ta 30, daftari ya zagaya kusan rana ta 60, a bar sauran don gyara da tantance madogara. Allo ɗaya ya isa, mai ɗauke da kowace shari'a, ranar saurare, ranar cikar wa'adi da sunan mai riƙe da ita, a bi shi a taron minti ashirin a farkon mako.

Sirri kuwa yawan hannu ke fasa shi. Lokacin da daftarin hukuncin Dobbs, shari'ar da ta shafi zubar da ciki, ya fita daga Kotun Ƙolin Amurka a Mayun 2022, binciken kotun ya gano ma'aikata 82 ne suka sami damar ganin sa, kuma ba a gano wanda ya fitar ba. Kowane daftari ya kasance da lamba da kwanan wata a sunansa, da jerin waɗanda aka ba. Kwafin takarda a ƙirga shi a dawo da shi. Ba a aika shi ta imel na kashin kai ko WhatsApp. Mataimakin da ya taɓa aiki a ofishin lauyan da ke cikin shari'a, ko yake da dangantaka da wani ɓangare, ya faɗa tun ranar rabon fayil a sauya masa.

Galibin mataimaka shekara ɗaya ko biyu suke yi su wuce, don haka abin da suka sani yana tafiya da su in ba a tsare shi ba. A ajiye tsofaffin takardun bincike bisa batu, kowacce da ranar da aka tantance madogararta ta ƙarshe, don kada wani ya kwafi binciken shekara uku ba tare da sabuntawa ba. Sabon ɗauka kuma a makonsa na farko a ba shi shari'ar da aka riga aka yanke, a ɓoye masa hukuncin, ya rubuta takardarsa cikin kwana uku, sannan a zauna da shi a jera ta da abin da kotu ta yanke, batu bayan batu.