Wanda Ya Rubuta da Wanda Aka Rubuta Wa

Malaman balaga (ilimin fasahar magana) na Larabci sun daɗe da kafa ƙa'idar cewa magana ba ta cika sai ta dace da halin da ake ciki, kuma tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) Aristotul na ƙasar Girka ya nuna cewa abu uku ke sa mai sauraro ya gamsu: hujjar da aka kawo, motsin zuciyarsa, da halin mai maganar. Na ukun ne ya fi ɗaukar hankalina tun da aka ɗora mini rubuta takardun ƙungiyarmu ta ƴan asalin Adar mazauna Yamai, domin mutane suna auna marubuci kafin su auna abin da ya rubuta.

Lokacin da muka tashi gyara rijiyar ƙauyenmu a jihar Tawa, takarda biyu na rubuta a kan buƙata guda. Ta ofishin magajin gari da Faransanci take, gajera, mai ɗauke da zurfin rijiyar da kuɗin siminti da sa hannun shugabanmu, kuma a cikinta ni sakatare ne kawai. Ta dattawa kuwa ba da ido za a karanta ta ba, wani ne zai karanta ta da ƙarfi a ƙofar gidan mai gari bayan sallar la'asar, ana zaune a kan tabarmi. Saboda haka na gajarta jimloli yadda mai karatu zai samu wurin numfashi, na fara da gaisuwa bisa tsarin girma, na ambaci sunan mahaifina kafin nawa, sa'an nan na kawo batun kuɗi a matsayin neman shawara, domin ɗan da aka haifa a gabansu ba ya ba su umarni, ko da kuwa yana da digiri daga Jami'ar Abdu Mumuni.

Wasu abokaina suna ganin wannan fuska biyu ce, amma ban yarda da su ba, tun da gaskiyar da ke cikin takardun ɗaya ce. Nana Asma'u, ƴar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Larabci ya haɗa ta da malamai, waƙoƙinta na Hausa kuma jajis, wato malamai mata da ta horar, suka haddace suka kai wa matan ƙauyuka ta hanyar ƴan taru, ƙungiyarta ta ilimantar da mata. Iliminta bai ragu ba don ta sauƙaƙa lafazi, kuma matsayinta na malama ƴar gidan ilimi ya sa aka buɗe mata kunne.

Abin da ya fi wahala shi ne saƙon WhatsApp na ƙungiya, inda dattijo da ɗalibi da ɗan kasuwar da ke ci-rani a Abijan suke karanta abu guda a lokaci guda. A nan nakan rubuta wa mafi girman shekaru a cikinsu, sa'an nan in bi da saƙon murya domin waɗanda ba su yi boko ba.