Tafiyata Zuwa Shimen, Inda Ake Haƙo Jan Dutse Mai Guba

Daga Guangzhou zuwa Changsha, babban birnin lardin Hunan, jirgin ƙasa mai gudu bai cika awa uku ba. Daga nan muka sauya wani jirgin, muka nausa arewa maso yamma ta Changde har gundumar Shimen. Abokin tafiyata ɗan China ne da muke hulɗar kayan asibiti, iyayensa kuma 'yan yankin ne. Abin da ya kai ni shi ne wani dutse da suke kira xionghuang, ja mai sirkin ruwan lemu, wanda haɗi ne na sinadarin asenik da farar wuta. Guba ce sananniya, amma tana cikin magungunan gargajiyar China da ake sayarwa a kantunan magani har gobe, irin su ƙwayar Niuhuang Jiedu ta ciwon maƙogwaro da kumburin dasashi, da Angong Niuhuang da ake ba wanda ya faɗi da shanyewar jiki ko zazzaɓi mai zafi.

A gidan gwaggon abokina muka sauka. Bayan cin abinci ta ba mu labarin bikin Duanwu, na ranar biyar ga wata na biyar a kalandarsu. Ta ce da tana yarinya ana zuba garin dutsen a cikin giya, manya su kurɓa, a yayyafa sauran a lungunan gida don korar macizai da kunamu, a kuma dangwala a goshin yara. Yanzu likitoci suna hana shan. Masu maganin gargajiyar ma sun daɗe da sanin haɗarinsa: ba su yarda ya kusanci wuta, domin zafi yana mayar da shi pishuang, farar hodar nan da ke kisa nan take. A cikin ruwa suke niƙa shi, su tace, su sake niƙawa, don ruwan ya tafi da ɓangaren gubar da ke narkewa. Kundin magunguna na hukumar China ya ƙayyade abin da za a sha tsakanin giram 0.05 da 0.1, ya kuma haramta shi ga mai juna biyu.

Ban yarda da masu cewa duk wannan camfi ne ba. A shekarun 1970 wani likita a Harbin, Zhang Tingdong, ya bi diddigin wani haɗi da ake amfani da shi a karkara, ya gano cewa asenik ɗin da ke ciki yana maganin wani nau'in sankarar jini da ake kira APL. Masana a Shanghai, cikinsu da Chen Zhu, suka binciko yadda yake aiki. A shekarar 2000 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wannan maganin asenik. Cutar da a da take kashe mutum cikin makonni, yau fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ita suna warkewa idan an haɗa asenik ɗin da wani magani mai suna ATRA. Amma wannan a asibiti ake yi, da awo, ana duba zuciya da hanta.

Washegari muka ɗauki mota zuwa ƙauyen Heshan. Hanyar ta yi ta kewaya duwatsu, gonakin lemu hagu da dama, ƙasa kore shar, wallahi ba za ka ce akwai wata matsala ba. A nan mahaƙar take, wadda aka shafe shekara kusan 1,500 ana haƙa. A shekarun 1950 gwamnati ta mayar da ita babban kamfani, aka shiga ƙona dutsen ana fitar da farar hodar. Hayaƙi ya sauka a gonaki, dagwalo ya gangara cikin rafi, mutane suna sha suna wanka suna ban-ruwa. An daina ƙonawar a 1978, amma ba a rufe mahaƙar ba sai 2011.

Wani dattijo da ya yi aiki a can ya miƙo mini hannuwansa. Tafin ya yi kanta mai tauri, ga ƙuraje kamar tsakuwa, bayansa kuma duk ɗigo-ɗigon baƙi. Bai yi doguwar magana ba, gidajen da aka yi rashi kawai ya dinga nuna mana da yatsa. Rahotannin da aka buga a 2014 sun ce cikin mutum kusan 1,500 na ƙauyen, 157 sun mutu da ciwon daji a shekara ashirin. Zuciyata ta tafi Zamfara, inda gubar dalma ta wajen haƙar zinare ta kashe ɗaruruwan yara a 2010. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin waɗannan mutane ba magani suka sha fiye da kima ba, neman abinci kawai suka fita.

An binne tarin dagwalon, an rufe bakin ramukan, ana ta aikin gyaran ƙasa. Sai dai asenik ba ya ruɓewa, shinkafa kuma tana zuƙarsa fiye da yawancin amfanin gona. Abokina ya hana ni ko wanke hannu a rafin. Kafin la'asar muka juyo Shimen, don mu samu jirgin dare na Changsha.