Tabarau mai lamba +3.00 da na saya a Oshodi

Ni tela ne a Agege da ke Legas, shekarata 46, sai da ta kai ba na iya zura zare a allura sai yaron shago ya zura min. Nesa ina gani ras, amma saƙon waya sai na miƙe hannu tukun. Wata Asabar a Oshodi na tsaya gun mai tallan tabarau, ina sawa ina cirewa, wanda ya fi girmama rubutu shi na ɗauka, an liƙa masa +3.00. Wata uku na yi ina fama da ciwon kai da na wuya, wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Maƙwabcina ne ya kai ni gun wani dattijo mai gwajin ido. Da na ga kayan aikinsa na raina, ba kwamfuta ba komai, akwatin katako ne cike da ƙananan gilasai a jere kowanne da lambarsa, sai firam ɗin ƙarfe mai nauyi da ya ɗora min a hanci, da allon haruffa mai ƙaton E a sama. Ya kashe fitila ya haska min ido da wata 'yar tocila yana sauya gilasai, sannan ya ce, "Malam, ina allurarka?" Ban zo da ita ba, sai ya sa na gwada masa da hannu tazarar da nake zama da keke, ya auna da tef, santimita 45.

Nan ya min bayani. Gilashin da ke cikin ido yana taurara daga wajen shekara 40, kowa sai ya same shi. Shi kuma +3.00 ba ya nuna abu tas sai a wajen santimita 33, shi ya sa nake dunƙule wuya a kan keke tun safe har magariba. Kuma na talla lambarsa ɗaya ce ido biyu, ni kuwa dama +1.50 ne, hagu +1.75.

Yanzu duk telan da ya tambaye ni cewa nake ya tafi gun mai gwajin ido da allura da zare, kar ya zaɓi tabarau da girman rubutu. Ni dai shadda biyu na ɓata wa mutane ana gab da sallah, daga aljihuna na biya.